Daga fasa-ƙwaurin barasa zuwa filin tsere: Tarihin motocin jar ƙasa

Mai karatu, in ka taɓa zama da yara ka kalli katun ɗin nan Cars 3 na 2017, za ka tuna inda jarumin ya je wani tsohon filin tsere na ƙasa, ya tarar da tsofaffin motoci, su ka ja shi gudu cikin daji da daddare ba fitila. Yara dariya kawai su ke yi. To amma wanda ya yi muryar ɗaya daga cikin tsofaffin nan, Junior Johnson, da gaske ya yi wannan gudun a ƙuruciyar sa, kuma har gidan yari ya shiga saboda sana'ar da ta koya masa shi.

Abin ya samo asali ne daga kudancin Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnati ta haramta yin barasa da sayar da ita. Talakawan manoma na tsaunukan Jojiya da Karolaina ta Arewa da Bajiniya, waɗanda dama sun gaji dafa barasar masara a ɓoye, sai kasuwa ta buɗe masu. Ko bayan ɗage dokar ba su daina ba, don ba su son biyan haraji, ga kuma yankuna da yawa da su ka ci gaba da haramcin. Dafawa mai sauƙi ce; kai kayan birni shi ne aiki. Nan samari su ka shigo.

Motar da su ka fi so ita ce Ford mai injin V8, wanda ya fito a 1932. A waje ka gan ta kamar motar kowa. Amma bakanike ya ƙara wa injin ƙarfi, ya cire kujerar baya, ya ƙara sifirin don kada nauyin kaya ya danne ta jami'an haraji su gane. Wanda ya saba tsere wa hukuma a kwanar dutse cikin duhu, ai dole ran hutu ya so sanin tsakanin sa da abokin sa wa ya fi. Sai a samu fili a share, ko a ari filin sukuwar dawaki, jama'a su biya kuɗi su tsaya bakin shinge.

Tuƙi a kan ƙasa daban ya ke da na kwalta. Kafin tsere a kan yayyafa ruwa, amma bayan 'yan zagaye filin ya bushe, ramuka su fito, jar ƙura ta turnuƙe har direba ba ya ganin na gaban sa. A kwana kuwa sai ka bar bayan motar ya zame, ka juya sitiyari ɗaya ɓangaren, ƙafar ka na kan totur. Kariyar kirki babu. Wasu da igiya ko bel su ke ɗaure ƙofa.

Ɗauki labarin Lloyd Seay, ɗan garin Dawsonville a Jojiya. Ranar 1 ga Satumba, 1941, ya ci babban tsere a filin Lakewood na Atlanta, fili mai tsawon mil 1. Washegari wani ɗan'uwan sa ya harbe shi har lahira kan rigimar kuɗin sukarin dafa barasa. Shekarun sa 21 kacal. Ka ga kenan tseren da fasa-ƙwaurin a kwano ɗaya su ke cin tuwo.

Wata matsalar ita ce masu shirya tseren. Sau da dama sai direbobi su gama sayar da ran su, a nemi mai jakar kuɗi a rasa. Ga dokoki, kowane fili da nasa. Wannan ne ya ba wani bakanike kuma direba, Bill France, dama. A Disamba 1947 ya tara jama'a a otal ɗin Streamline da ke Daytona Beach a jihar Fulorida, a Fabrairu 1948 aka yi rajistar ƙungiyar NASCAR.

Tseren farko na rukunin motocin da ba a taɓa injin su ba an yi shi ran 19 ga Yuni, 1949, a wani filin ƙasa a Charlotte. Glenn Dunaway ne ya zo na ɗaya, amma da aka duba motar sai aka ga an taɓa sifirin ɗin baya, irin aikin 'yan fasa-ƙwauri. Aka ƙwace, aka ba Jim Roper. Har mace, Sara Christian, ta shiga tseren. Tun daga ranar ka ga inda aka dosa: ƙungiyar na son gwanintar mutanen nan, amma ba ta son warin sana'ar su.

Junior Johnson, da mu ka fara da shi, an kama shi a 1956 a matoyar barasar mahaifin sa, ya yi wata 11 a tsare. Ya fito ya ci tsere 50 a babban rukuni, kuma a 1986 Shugaba Reagan ya yi masa afuwa. Wendell Scott bai samu wannan gatan ba. Baƙar fata ne ɗan Danville a Bajiniya, shi ma tsohon mai jigilar barasa. Ran 1 ga Disamba, 1963, ya ci tsere a filin ƙasa na Jacksonville, amma aka sanar da wani bature, Buck Baker. Sai da jama'a su ka watse aka ce kuskure ne. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba. A 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalan sa kofi.

Kwalta ce ta kawo ƙarshen wannan zamani. An buɗe filin Darlington a 1950, na Daytona a 1959, kuɗi da kamfanoni su ka bi su. Ran 30 ga Satumba, 1970, Richard Petty ya ci tseren ƙasa a Raleigh, daga nan babban rukuni bai sake taka ƙasa ba sai 2021, da aka zuba ta a kan filin Bristol, abin da aka daina bayan 2023. Ƙananan filaye dai na nan a ƙauyukan Amurka, su na turnuƙe ƙura duk daren Asabar.

In ka na son gani da idon ka, nemi Thunder Road na 1958 wanda Robert Mitchum ya fito ɗan fasa-ƙwauri, da The Last American Hero na 1973 da aka gina kan rayuwar Johnson, da Greased Lightning na 1977 inda Richard Pryor ya fito a matsayin Scott. Sai dai ka kalla da lura. Finafinan sun iya nuna gudu da ƙura, amma ba su cika tsayawa kan talaucin da ya tura yaro ɗan shekara 14 ko 15 bayan sitiyari cikin dare ba. Wannan ɓangaren, mai karatu, kai za ka cika shi da kan ka.