Zaɓen Ingila na 1945 da Manomin Auduga a Funtuwa da Malumfashi

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ƙuri'ar da aka jefa a Ingila ta shafi aljihun manomin Funtuwa da Malumfashi, wanda ba a nemi ra'ayinsa ba.

A watan Yuli na 1945 Jam'iyyar Leba, ƙarƙashin Clement Attlee, ta lashe kujeru 393 daga cikin 640 na Majalisar Wakilai, ta kayar da Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ta Winston Churchill. Aƙidar Leba ita ce hukuma ta riƙe ragamar ciniki. Saboda haka ta ƙi sake buɗe kasuwar auduga ta Libaful, wadda aka rufe lokacin yaƙi, ta kafa hukuma guda mai sayo wa masaƙun Ingila auduga, wadda ta fara aiki a 1948. Kuma da yake yaƙi ya bar Ingila cikin bashi da ƙarancin dala, audugar da za a saya da fam, watau irin ta Nijeriya, ta ƙara daraja a idonta.

A nan ne ƙasar Katsina ta kudu ta shigo. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Auduga ta Nijeriya. Ita ke yanke farashi kafin a buɗe fuloti, kamfanin BCGA ya gurje audugar a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa teku. Hujjar hukuma ita ce kare manomi daga faɗuwar farashi. Amma abin da ake biyansa bai kai farashin kasuwar duniya ba, rarar kuwa hukuma ke riƙewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A zaɓen 1951 'Yan Mazan Jiya suka dawo da kujeru 321, Leba 295, ko da yake Leba ta fi su yawan ƙuri'u. Sun sake buɗe kasuwar Libaful a 1954, amma manomin Nijeriya bai sami irin wannan 'yanci ba. A shekarar ne aka mayar da cinikin hannun hukumar Jihar Arewa, rarar ta zama jarin gwamnatin yanki. Ba a rushe hukumomin ciniki ba sai 1986.

Ashe ke nan tsarin da aka soke a Ingila cikin 'yan shekaru ya yi shekara 37 a fulotin Funtuwa, 26 daga cikinsu bayan samun mulkin kai.