AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Koyar Da Lissafi Ta Hanyar Dara Da Ludo

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wata mai sauraronmu a Gusau. Ta ce tana koyar da 'ya'yanta uku karatun boko a gida, amma na tsakiyarsu, ɗan shekara 7, ba ya iya haɗa 8 da 5 sai ya ƙirga yatsu. An ba ta shawarar ta riƙa yi musu ludo da dara, sai dai maigidanta ya ce wannan shiririta ce, kuma ƙofar caca ce. Shi ne take so a ba ta tarihin koyar da lissafi ta hanyar irin waɗannan wasanni, kuma wai shin da gaske suna da amfani?

AMSA: To Malama, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai abin ba sabo ba ne, kuma ba Turawa suka fara shi ba. Bari mu soma da darar nan mai gurabu 12 da 'ya'ya 48, wadda Yarbawa ke kira ayo, mutanen Akan na Ghana kuma su ce oware. Larabawa suna kiran irin wannan wasa manƙala, daga kalmar "naƙala", wato ɗauke abu daga wani wuri zuwa wani. Masu tonon kayan tarihi sun sami gurabunta a Matara ta ƙasar Eritiriya da Yeha ta Habasha, waɗanda aka ƙiyasta na ƙarni na 6 zuwa na 7 ne Miladiyya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da ita tsibiran Karebiyan, inda ake kiranta warri.

Ina lissafin yake a ciki? A ƙa'idar mutanen Akan, mai wasa yana kwashe 'ya'yan gurbi guda ya bi yana zuba ɗaya-ɗaya. In ɗan ƙarshe ya faɗa gidan abokin karawa ya mai da shi 2 ko 3, to ya ci. Wanda ya fara tara 25 shi ya yi nasara. Ke nan tilas kafin yaro ya taɓa gurbi ya san inda ɗan ƙarshe zai sauka. Alal misali in gurbin na da 'ya'ya 17, zagaye guda zai cinye 11, tun da akan tsallake gurbin da aka kwaso, saura 6 ke nan. Wannan ai ɗebewa ce da rabawa mai saura, kuma duk da ka ake yi, ba alli ba allo. Don ki san zurfin abin, sai a shekarar 2002 wasu masana biyu, John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amsterdam ta ƙasar Holan, suka warware wasan da kwamfuta. Sun tarar akwai yanayi fiye da biliyan 889 da 'ya'yan za su iya kasancewa a ciki, kuma in gwani ya haɗu da gwani ba wanda ya yi kuskure, canjaras za a tashi.

A Turai kuwa, wajen shekarar 1030 wani malamin coci mai suna Asilo a birnin Würzburg na Jamus ya tsara wani wasa da aka sa wa suna Rithmomachia, ma'ana yaƙin lambobi, musamman don ɗalibai su fahimci littafin lissafi na Boethius. Kowane ɗan wasan yana ɗauke da lamba a jikinsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin ci ita ce ka ninka lambar ɗanka da yawan gidajen da ke tsakaninsa da na abokin gaba: in naka 5 ne, tsakaninku gida 3, nasa kuma 15, to ka cinye shi. An shafe kimanin shekara 600 ana yin sa kafin ya shuɗe.

Batun koyarwa a gida kuma, sai mu leƙa Ingila. A wancan zamani 'ya'yan masu hali da yawa a gida ake koyar da su, ko uwa ko malamin da aka ɗauka. A 1693 masani John Locke ya ba iyaye shawarar su mai da karatu wasa, har ya ce a manna haruffa a jikin abin da yara ke jefawa. A 1759 John Jefferys ya fito da wasan zagaya Turai a kan taswira, sa'an nan a 1798 John Wallis na Landan ya buga wanda aka yi takanas don koyar da lissafi. Wani abin sha'awa, Malama, shi ne iyayen wancan lokaci su ma suna da irin damuwar maigidanki. Suna ƙyamar ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo saboda kayan 'yan caca ce. Shi ya sa masu buga wasannin suka maye gurbinta da ɗan abin juyawa kamar katantanwa, mai lambobi a gefensa.

Shi kuwa ludo da maciji-da-tsani, asalinsu Indiya. Ludo ya samo asali daga wasan pachisi da ake jefa wuri, an yi masa rajista a Ingila a 1896. Maciji-da-tsani kuma tarbiyya aka nufa da shi tun asali: tsani aikin kirki, maciji mugun hali. Ya shiga Ingila a 1892, Amurka kuma a 1943.

To ko suna da amfani? A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da ƙananan yara 'ya'yan talakawa. Wasu sun yi wasa a kan kwali mai gidaje 10 a jere, an rubuta 1 zuwa 10, wasu kuma a kan mai launuka kawai. Duka-duka wasan kimanin awa guda ne, an raba shi zama huɗu. Masu kwalin lamba sun ƙaru wajen ƙirga da gane lambar da ta fi girma, kuma bayan mako 9 ba su manta ba. Masu launi kuwa ba su ƙaru ba. Sirrin shi ne yaron yana faɗin lambar gidan da ya taka: in yana kan 3 ya sami 2, sai ya ce "4, 5", ba "1, 2" ba.

Saboda haka ba kowane wasa ba ne malami. Ludo, da yake gidajensa ba lamba, amfaninsa kaɗan ne. Maciji-da-tsani mai gida 100 ya fi, in za ki sa yaron ya faɗi inda zai sauka kafin ya motsa: yana kan 8, ya sami 5, ina za shi? Dara kuwa ko a ƙasa an haƙa gurabu da 'ya'yan tsamiya ta wadatar. Game da ƙwayar jefawa, malaman addini suna da magana a kanta, sai ku tuntuɓe su. Amma kina iya rubuta lambobi a 'yan takardu ki zuba a ƙwarya yara su riƙa zara. Kada a sa ko kwabo a ciki, kada ya ci lokacin salla, kada kuma ya maye gurbin darasi. Minti 15 bayan la'asar ya isa. In ma so samu ne, maigidan ya zauna ya kara da yaron, ranar da dara ta ci gida shi da kansa zai ba da shaida.

Da fatan mai tambaya ta gamsu. Sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu.