Mashaya da Gidajen Kiɗa a Abuja ta Farkon Zamani

Abin da ake nufi da mashaya da gidajen kiɗa na unguwanni a tarihin Abuja shi ne waɗancan ƙananan wuraren hirar dare, galibinsu rumfunan kwano da katako ko farfajiyar gida da aka kewaye da zana, waɗanda suka tsiro a Garki da Wuse da Nyanya da Karu da Karmo tun farkon shekarun 1980, suka yi tashensu, sa'an nan akasarinsu suka gushe a rusau na 2003 zuwa 2007. Hukuncin giya a Musulunci bayyananne ne, babu saɓani a kan haramcinta, kuma ba a rubuta wannan domin a ƙawata abin da Allah Ya hana ba. Amma mai tarihi ba shi da hurumin tsallake wuraren da dubban mutanen da suka gina birnin da hannuwansu suka riƙa taruwa bayan faɗuwar rana, balle ga shi har yau dattawa da yawa, Musulmi da Kirista, suna ambatonsu da bege.

Asalin al'amarin ya girmi birnin kansa. Kafin Janar Murtala Muhammad ya sanar da ƙudurin sabon babban birni a ranar 3 ga Fabrairu 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ƙasar nan ta Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da Bassa tana da gidajen burkutu, inda mata ke jiƙa dawa su dafa, manoma kuwa su hallara ranar kasuwa ko bayan gayya. A tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 kuma aka mayar da sunanta Suleja, nan ne ma'aikatan Hukumar Raya Birnin Tarayya suka fara zama, don haka nan ne kuma zaman bariki na sabon birni ya fara kankama, da otal-otal ɗinsa da gidajen magajiya da makaɗan goge.

Taswirar birnin, wadda aka kammala a 1979, ta tanadi ma'aikatu da gidajen ma'aikata da manyan tituna da filayen shuke-shuke masu yawa, amma ba ta yi wa lebura da birkila da kafinta da karen mota tanadin dandali ba, alhali kuwa su ne suka fara cika wurin. Mutanen nan, waɗanda kamfanonin kwangila irin su Julius Berger suka tara daga kowace kusurwa ta Nijeriya, da yawansu samari ne ko magidanta da suka baro iyali a gida, suna kwana a sansanonin ma'aikata irin na Nyanya ko a ɗakunan haya na ƙauyukan Gbagyi, ba su da dangi a kusa, ba su da zauren da za su zauna, saboda haka da an tashi aiki sai su nufi inda fitila ke ci kuma kiɗa ke tashi. Ta haka rumfar mai bammi da ta mai farfesu suka zama majalisa. A nan ake jin inda ake ɗaukar ma'aikata, a nan ake samun wanda zai kai saƙon kuɗi gida, a nan ake haɗa adashi, a nan kuma ake tara gudummawa idan wani ya rasu za a kai gawarsa garinsu.

Kiɗan wuraren shi ne abin da ya fi zama a zukatan ma'abotansu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A rumfa guda, cikin dare guda, kaset zai juya daga Osita Osadebe zuwa Oliver De Coque, daga Bongos Ikwue zuwa Bala Miller, wanda ya yi suna a Costain Club ta Kaduna, sa'an nan mai tsiren da ke bakin ƙofa ya buɗe tasa rediyon da muryar Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos. A ƙarshen shekarun 1990 kiɗan Kwango, musamman na Awilo Longomba, ya mamaye ko'ina. A ɓangaren Hausawa kuwa akwai makaɗan goge da kukuma da kalangu masu yawon neman abinci, su sauka a zango, a share fili, a jera bencina, a yi liƙi har dare ya raba. Malamai sun daɗe suna muhawara a kan mas'alar kiɗa; Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe cikin al'adun da ya soka a Kitabul Farƙi. Duk da haka Bahaushen da ba ya kusantar kwalba ya sha zuwa ya zauna a gefe da lemonsa ko shayinsa, don kawai ya ji harshen garinsu a bakin mawaƙi.

Manya suna da nasu wuraren. Otal ɗin Nicon Noga Hilton, wanda aka buɗe a 1987 kuma yanzu ake kira Transcorp Hilton, da kuma Sheraton, su ne matattarar 'yan kwangila da jami'an gwamnati, musamman bayan Janar Ibrahim Babangida ya tare a birnin a ranar 12 ga Disamba 1991. Tsakanin waɗannan da rumfunan talakawa akwai kasuwannin mami na barikokin soja, mafi shahararsu ita ce ta Barikin Abacha, wanda ake kira Mogadishu, inda gasasshen kifi ya haɗa babban sakatare da direbansa a kan benci ɗaya. Da wasu jihohin Arewa suka ƙaddamar da shari'a daga 1999, har da Jihar Neja wadda Suleja da Madalla ke cikinta, sai sana'ar giya ta ƙara karkata zuwa barikoki da cikin Birnin Tarayya.

Ba za a ɓoye aibin wuraren ba. Albashi da yawa ya ƙare a cikinsu kafin ya isa hannun mata da 'ya'ya, an yi faɗace-faɗace, an yi fasadi, kuma maƙwabta sun sha kwana ba barci saboda amon lasifika da janareta.

Ƙarshensu bai zo ta hanyar wa'azi ba, ta hanyar katafila ya zo. Ƙidayar 1991 ta sami mutanen da ba su kai 400,000 ba a yankin Birnin Tarayya, ta 2006 kuwa ta sami fiye da 1,400,000, ƙasa ta yi tsada, kuma kusan dukkan rumfunan nan a kan filin aro suke, ba su da takardar mallaka. Lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i ya riƙe ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, da niyyar mayar da shi bisa taswirarsa ta asali, an rushe shagunan bakin titi da unguwanni sukutum, irin su Idu-Karmo da Chika, aka kuma hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, wanda shi ne abin hawan mai ƙaramin ƙarfi idan dare ya yi. Bom ɗin da ya tashi a kasuwar mami ta Mogadishu a daren 31 ga Disamba 2010, da na tashar Nyanya a ranar 14 ga Afrilu 2014, suka kawo shingaye da bincike da tsoron taro.

A ganina, begen da ake yi wa wuraren nan bai rataya ga abin da ake zubawa a kofi ba, domin wannan bai yi ƙaranci a Abuja ba har gobe. Abin da aka rasa shi ne zamanin da kusan kowa baƙo ne, babu mai yi wa wani gori, Tibi da Ibo da Bahaushe da Bayarabe suna cin bashi a littafin mace ɗaya, ita kuwa ta san sunan kowa da ranar albashinsa. Gidajen rawa na yanzu, waɗanda suka jeru a titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II, suna da masu gadi a ƙofa da farashin da ya fi ƙarfin lebura, kuma mota ake shiga a je su, ba ƙafa ba. Rumfunan masu ƙaramin ƙarfi sun bi masu su zuwa Kubwa da Lugbe da Zuba, wasu kuma sun tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, inda ma'aikaci ke isa gida bayan isha'i, a gajiye da cunkoson hanyar Keffi, ga sammakon gobe yana jiransa.