Littafi a Bakin Mai Karatu: Daga Zauren Malam Zuwa Masana'antun Kano

Gabatarwa

Akwai wata sana'a da Turawa suka daɗe da ba ta suna da daraja, mu kuwa muna yin ta tun kaka da kakanni ba tare da mun ɗauke ta a bakin komai ba, watau karanta littafi da baki domin wasu su saurara. A Amurka da Ingila mutum yakan ci abinci da wannan aiki har ya tsufa, a san shi da muryarsa kamar yadda muka san mawaƙanmu. Abin da nake so in duba a wannan 'yar maƙala shi ne tarihin wannan sana'a a wurinmu, musamman wajen littattafan tarihi da na koyar da yadda ake yin abu. Zan kafa misali da Ɗorayi, unguwar da na tashi, wadda take maƙwabtaka da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma mutanenta da dama suka ci abinci a masana'antun Sharaɗa da Calawa da Bompai.

Kafin zuwan na'ura

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar ilimi ya san yadda karatu yake tafiya a zaure. Almajiri yana jan baƙi da Larabci, malam yana fassarawa da Hausa, kalma bayan kalma. A gefe kuwa ba a rasa wasu dattawa da ba su riƙe da littafi, sun zo ne su ji. Littattafan farko da ake karantawa, watau Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, duk na koyar da aiki ne: yadda ake alwala, yadda ake gyara salla idan an yi rafkanwa, abin da ya halatta a ciniki, da yadda ake rabon gado. Ta haka ɗan kasuwa da majemi da marini suka san hukunce-hukunce masu yawa alhali ba su taɓa buɗe littafin da hannunsu ba.

Tarihi ma ta kunne ya fi yaɗuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 da Larabci, saboda haka sai malamai ne suke iya karanta shi. Amma 'yar'uwarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara labarin Shehu da hijira da yaƙe-yaƙe a waƙe, ta kuma naɗa jajoji masu haddace waƙoƙinta su kai wa matan ƙauye, abin da aka sani da 'Yan Taru. Haka nan a ƙarnin da ya wuce makafi suka yaɗa Imfirajin Aliyu Namangi a kasuwanni da tashoshin mota, har wanda bai taɓa ganin littafin ba ya haddace baitoci.

Da boko ya zo, ba a bar wannan hanya ba. Yana da kyau mu tuna cewa littattafan da Hukumar Fassara ta fara fitarwa a farkon shekarun 1930, irin su Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, sun riga gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Shehu Umar da Ganɗoki. Ke nan tarihi ya riga ƙagaggen labari shiga ɗab'i. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, kwafi ɗaya yakan ishi majalisa guda, domin akan sami malamin makaranta ko akawu ya karanta, sauran su kasa kunne. Daga baya hukumar NORLA ta Zariya, a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, ta buga ƙananan littattafai kan tsafta da noma da kiwo da sana'o'i, ta kuma buga Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji a 1958.

Yadda abin ya faro a ƙasashen waje

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar magana a 1877, kuma a cikin amfanin da ya lissafa mata har da yi wa makafi littafi mai magana. Sai dai an ɗauki fiye da shekara 50 kafin a sami faifan da zai ɗauki karatu mai tsawo. A 1934 Amurka ta fara raba wa makafi irin waɗannan fayafayai, kuma cikin abubuwan farko da aka ɗauka akwai takardar shelar 'yancin ƙasar da tsarin mulkinta. Ingila ta biyo baya a 1935, musamman saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A cikin masu karatun wancan zamani an fi tunawa da Alexander Scourby, wanda ya karanta wa makafin Amurka littattafai fiye da 400 kafin rasuwarsa a 1985. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kamfanin Audible ya kafu a 1995, har aka iso yau da littafi yake shiga wayar hannu.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana ƙasar Kuba. Tun 1865 ma'aikatan da suke naɗa taba a Habana suka fara ɗaukar mutum guda, suna biyansa daga aljihunsu, ya zauna bisa kujera mai tsawo yana karanta musu jarida da tarihi da labarai suna aiki. Al'adar ta bi su har garin Tampa na Amurka, inda a 1931 masu masana'antu suka hana ta don suna ganin tana buɗe wa ma'aikata ido, ma'aikatan kuma suka tafi yajin aiki a kai. Wannan ya nuna cewa mai aikin hannu yana da ƙishirwar sani, matsalarsa kawai idonsa da hannunsa ba su da sarari.

Ɗorayi, rediyo da kaset

Ɗorayi asalinta gandun Sarkin Kano ne tun ƙarni na 19, akwai gidan sarki a can, kuma daga nan aka sami Hawan Ɗorayi a bukukuwan Salla. Ibrahim Hamza ya yi nazarin wannan gandu da bayin da suka nome shi, aka buga a 2004. Gonakin nan su ne birni ya haɗiye sannu a hankali. Bompai ce ta fara zama matattarar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, sannan Sharaɗa da Calawa suka bunƙasa a zamanin kuɗin man fetur, da masaƙu da majemu da wuraren matse man gyaɗa da na yin alewa da kwanuka da kayan roba. Baƙi daga ƙauyuka suka yi ta kwararowa suna kama haya a unguwannin da ke kusa. Paul Lubeck, a littafinsa na 1986 kan leburorin Kano, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu tsofaffin almajirai ne. Ma'ana mutane ne da suka saba da ɗaukar karatu da kunne.

Rediyo ya zo ya tarar da su a shirye. Sashen Hausa na BBC ya fara a Maris 1957, Rediyon Kaduna a 1962. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi a Rediyon Kaduna, a Kano kuma ana jin na Malam Nasiru Kabara. Tsarin zaure ne aka ɗauko ɗungurungum: mai jan baƙi ya ja, malam ya fassara. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, rediyo mai kaset na cikin abubuwan da ma'aikata suka ruga saye.

Kakana na wajen uwa yana cikinsu. Ya yi aikin masaƙa a Sharaɗa, wani mako da rana wani mako da dare, kuma bai taɓa shiga ajin boko ba. Duk da haka yakan jero sarakunan Kano daga Bagauda zuwa Alwali, daga Sulaimanu da Dabo zuwa zamaninsa, ya ba ka labarin Basasar Tukur da Yusufu ta 1893, da yadda Turawa suka shigo Kano a 1903. Da na tambaye shi inda ya koya, sai ya ce wani akawu da suka yi haya gida ɗaya ne yake karanta musu littafin Dokaji bayan sallar lisha, sauran kuma a rediyo ya tsinta. Ranar da yake aikin dare yakan bar wa yara sallahu su ɗaukar masa shirin a kaset.

Kaset bai tsaya ga kawo wa talaka tarihi ba, ya kuma ɗauki tarihi daga bakinsa. A 1975 Yusufu Yunusa ya zagaya garuruwan ƙasar Kano irin su Fanisau yana ɗaukar muryoyin dattawa kan bauta da noman gandu. Masana da suka yi rubutu daga baya kan wannan fanni sun amfana da waɗannan kasakasai. Sai dai rubutun da Turanci yake, jikokin dattawan nan kuwa ba su taɓa jin sa ba.

Wuyar aikin mai karatu

Wasu 'yan'uwa ɗalibai suna zaton duk wanda ya iya karatu zai iya karanta wa jama'a. Ba haka abin yake ba, musamman a Hausa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya zama gari na zama ko garin tuwo, "wuya" na jiki ko na wahala, "baƙi" launi ko mutanen da suka sauka, "kuka" bishiya ko hawaye. Mai karatu a zuci yana iya komawa baya ya gyara, amma mai karanta wa jama'a dole ya yanke hukunci kafin kalmar ta fita. A littafin kiwon lafiya, "ya sha magani" tana iya zama labari, tana iya zama umarni, kuma murya ce kaɗai take rarrabewa.

Littafin tarihi yana da nasa sharuɗɗa. Akwai sunaye irin su Gijimasu da Tsamiya da Kanajeji da Tsumburbura, waɗanda sai an tambayi dattawa yadda ake faɗarsu. Akwai shekaru, wani lokaci na Hijira wani lokaci na Miladiyya, waɗanda in an yi gaggawa sai su cakuɗe wa mai saurare. Idan an ce Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ana bukatar a ɗan dakata kafin a wuce. Abu mafi nauyi kuma shi ne adalci. Mai karanta labarin Basasa yana iya karkatar da jama'a ga ɓangare guda da sautin muryarsa kawai, ba tare da ya sauya harafi ɗaya ba, alhali zuriyar ɓangarorin biyu suna cikin masu saurarensa.

Littafin koyar da sana'a kuwa yana son haƙuri irin na malamin zaure. Mai saurare yana riƙe da fartanya ko almakashi ko ludayi, yana bin maganar da hannunsa. Dole a bi mataki ɗaya bayan ɗaya, a maimaita awo da adadi, a bayyana da baki abin da hoto ko jadawali ya nuna. Idan takardar malaman gona na Samaru ta ce a zuba taki kaza a fili kaza, kuskuren lamba ɗaya yana iya cinye wa manomi daminarsa. Saboda haka nake ganin gwanin mai karatu shi ne wanda zai iya sauya taki, ya yi wa tarihi nutsuwa, ya yi wa koyarwa sannu, ya kuma ɓoye kansa don littafin ya fito.

Halin da ake ciki

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Calawa suka rufe. 'Ya'yan ma'aikatan nan sun koma ɗinki da walda da kanikanci da tuƙin adaidaita sahu da gyaran waya. Har yanzu hannunsu da idonsu a ɗaure suke, kunnensu a sake. Kafofi kuma sun ƙaru: Rediyon Freedom ya buɗe a Sharaɗa a 2003, wasu gidaje masu zaman kansu suka biyo baya. Shirye-shirye irin su Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna da Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko sun tabbatar da cewa Bahaushe yana son a karanta masa littafi. Amma idan mutum ya duba abin da ake karantawa a YouTube da WhatsApp, zai tarar ƙagaggun labarai ne suka cika wuri, sau da yawa ma ba da izinin marubuta ba. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Ikon Allah da Zaman Hausawa suna nan jibge a ɗakunan karatu.

Kammalawa

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce mu ɗauki wannan aiki. Muna da masu murya, muna da malaman da za su gyara mana karin sauti da sunaye, wayar da ke aljihunmu kuma ta fi na'urar da Scourby ya yi aiki da ita. Mu fara da neman izinin marubuta da maɗaba'u, domin haƙƙi ne. Game da makafi kuwa, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta sauƙaƙa mayar musu da littattafai yadda za su iya amfana, saboda haka ɗaliban makarantar Tudun Maliki su ya kamata mu fara tunawa. Mu zaɓi littafin tarihi ɗaya da na sana'a ɗaya a kowane zango, mu kuma roƙi malamanmu na sashen Tarihi su taƙaita mana abin da aka rubuta kan gandun Ɗorayi da Hausa, mu karanta, mu mayar wa mutanen Ɗorayi kayansu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma unguwar nan a bayan katangarmu take.