Suna Linzami: Asalin Sunayenmu da Tarihin da Suke Ɗauke da Shi



Baƙon da ya sauka garin nan yakan ɗauka cewa "Malan" ɗin da ke cikin Malanville wani malamin allo ne. Alhali sunan Bafaranshe ne, Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahome a farkon ƙarni na 20. Kafin nan Dandawa Tasi suke ce wa wurin, wato rairayi. To idan sunan gari yana riƙe da labarin waɗanda suka mulke shi, sunayen mutanen cikinsa sun fi haka riƙo, domin kowane Bahaushe yana yawo da ɗan guntun tarihin gidansu a cikin sunan da ake kiransa da shi.

Galibin Hausawa suna biyu gare su. Akwai sunan yanka, wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi, ranar bakwai a yanka rago, a raba goro, a bayyana shi ga jama'a. Akwai kuma laƙabi, wanda yawanci tsofaffin mata ke sa wa yaro tun kafin ranar suna. A tarihi laƙabin nan shi ne babba.

Kakanninmu ba su da littafin rajistar haihuwa, saboda haka suna ne ya yi musu wannan aiki. Da ka ji Tanko, ka san namiji ne da ya zo bayan mata. Kande ko Delu mace ce da ta zo bayan maza. Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Nomau an haife shi ana tsakiyar noma, Marka ta zo lokacin da ruwa ya ƙi ɗaukewa, Maikasuwa ya faɗo ranar kasuwa. Cindo yatsa shida gare shi. Shekarau kuwa ya daɗe a ciki har aka ƙosa da jira. Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba, Talle ya yi maraici tun yana jariri.

Waɗansu sunayen hawaye ne suka haife su. Matar da take wabi, wato 'ya'yanta suna mutuwa tun suna ƙanana, idan ta sake haihuwa sai a ce da yaron Ajuji ko Ayashe ko Bawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba, bisa tsohon camfin cewa mutuwa ba ta kula abin da aka wulaƙanta. Wasu kuma roƙo suke yi a fili, su ce Abarshi, Abarta, Barmani. Musulunci ya kawar da camfin, amma sunayen sun zauna suna shaida irin yawan jariran da iyayenmu mata suka binne.

Wanda yake son ya ga lokacin da sunayen Musulunci suka shigo, ya dubi jerin sarakunan Kano. Na farkonsu Bagauda ne, wanda tsohon littafin tarihin Kano ya sa hawansa a 999, sannan Warisi, Gijimasu, Naguji, Gugwa, Shekarau, Tsamiya. A zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali da addini, shi kansa aka san shi da Ali Yaji. Bayansa sai ga Umaru, Dauda, Abdullahi Burja, Yakubu, har zuwa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda Shehu Maghili ya sauka a wurinsa. A lura da yadda sunayen suka zo bibbiyu: Ali Yaji, Muhammadu Rumfa, Muhammadu Korau na Katsina, Muhammadu Kanta na Kabi. Sabon suna ya shigo ya zauna gaba, tsohon ya koma bayansa, ba wanda ya kori wani. Shekarau da ya yi sarautar Kano fiye da shekara 700 da suka wuce, har a zamaninmu an yi gwamnan Kano Malam Ibrahim Shekarau daga 2003 zuwa 2011.

Sunayen Larabci ma da suka shigo bakin Bahaushe sai da ya gyara musu zama. Abdullahi ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman, Ibrahim ya zama Iro, Khadija ta zama Dije, Maryamu ta zama Mairo. Binta daga kalmar "bintu" take, wato 'ya, domin Nana Faɗimatu 'yar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sadiya da ake ce wa Halima daga Banu Sa'ad ne, ƙabilar wadda ta shayar da shi. Kallamu da ake ce wa Musa daga Kalimullahi ne. Uban da yake son duk 'ya'yansa maza su zama Muhammadu kuwa sai ya bi lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, har Ashiru na goma.

Sunayen ranaku suna tsakiya. Mutane da yawa suna lissafa Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai da Asabe cikin sunayen gargajiya, amma ranakun da aka ciro su daga ciki, tun daga Lahadi har Asabar, duk Larabci ne. Ke nan an ƙera su ne bayan zuwan Musulunci, a kan tsohuwar al'adar sa wa yaro sunan lokacin da ya zo. Haka ma Ɗan'azumi, Sallau da Tasalla.

Abin da ya raya laƙabi tsawon waɗannan ƙarnuka shi ne kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruka ba ta ambaton surukinta. Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Baba, yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Ummi ko Inna ko Uwani. Girmamawa ma ta haifi nata: Garba ga Abubakar, Sanda ga Umaru, Indo ga A'isha, Kulu ga Hauwa. Bayan jihadin 1804, Usumanu da yawa Shehu ake ce musu saboda Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, sunayen Fulani irin su Bello, Dikko da Sambo kuma suka bazu cikin Hausawa. Shi kansa Shehu, da aka haifa masa tagwaye a 1793, ya sa wa namijin Hassan, macen kuwa bai bi al'adar sunan tagwaye ba, ya ce Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u da ta rasu a 1864.

Fataken goro ne suka kawo yawancin waɗannan sunaye yankinmu, a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, suna ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu har Salaga. A nan suka tarar da maƙwabta masu irin wannan hikima. Zabarmawa da Dandawa suna da Alzuma, wanda shi ne Ɗanjumanmu. Bargawa kuwa jerin haihuwa suke bi: ɗan fari Woru, na biyu Sabi, na uku Biyo. Biyo Gera da ya yaƙi Faransawa a Bargu a 1916, sunansa kaɗai ya gaya maka matsayinsa a ɗakin uwarsa. A cikin fataken ma akwai wanda laƙabinsa ya zama sunan zuriya: Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, Tata sunan matar da ta rene shi ne.

Yau abin da ke yi wa wannan gado barazana takarda ce. Takardar haihuwa gurbi biyu gare ta, sunan gida da sunan mutum, alhali Bahaushe da sunansa da na ubansa da laƙabinsa yake tafiya. Laƙabin shi ake fara zubarwa. Sauran kuma kowace ƙasa da irin rubutunta: mutum ɗaya Ousmane ne a nan da Gaya, Usman ne a Kamba da Illo. Yusufu yakan zama Issoufou a wata takarda, Youssouf a wata. Ranar rabon gado, ko neman fasfo na aikin hajji, ko shigar da yaro jarrabawa, sai bambancin harafi biyu ya tsayar da mutum wata da watanni. Ban da haka, matasa da yawa yanzu suna jin nauyin a kira su Tanko ko Kande, suna ɗibar sunaye daga finafinai ba tare da sun tambayi ma'anarsu ba.

Shari'a ta kwaɗaitar da kyautata wa yaro suna, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu sahabbai sunaye masu mummunar ma'ana. Saboda haka ba wanda zai ce a dawo da Ajuji. Amma Auta da Gambo da Jummai ba su da aibi, kuma su ne ke bambanta Muhammadu goma da ke zango ɗaya.

Shawara biyu ce ga kowane magidanci. Ta farko, ya zaɓi rubutu ɗaya na sunansa da na 'ya'yansa, ya duba shi da idonsa kafin a buga hatimi, ya tsaya a kansa a kowace takarda. Ta biyu, ya sami littafi ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna raye, ya rubuta sunan yanka na kowa da laƙabinsa da dalilin laƙabin, har iyakar kakan da aka iya tunawa, da garin da ya taso kafin ya sauka bakin kogin nan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya bisa sunaye na gari. Amin.