Tarihin Ƙarfin Murɗa: Daga Allurar Oersted Zuwa Masu Naɗin Koyil a Kaduna

A shekarar 1820 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Hans Oersted, ya lura cewa in wutar lantarki ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita takan karkata. A wannan shekara Ampère ya nuna a Faransa cewa wayoyi biyu masu ɗauke da wuta sukan ja juna ko su ture juna. A 1821 kuma Michael Faraday na Ingila ya sa waya ta yi ta kewaya maganaɗisu. Daga nan injin lantarki ya samo asali.

To, ga yadda al'amarin yake. In aka lanƙwasa waya ta zama zobe, aka ajiye ta tsakanin bakin maganaɗisu biyu, aka saki wuta, gefe ɗaya zai yi sama, ɗayan ya yi ƙasa, sai zoben ya juya. Wannan shi ne ƙarfin murɗa. Ana samun iyakarsa da ninka abubuwa huɗu: yawan naɗi, yawan wuta, faɗin zoben, da ƙarfin maganaɗisun. Misali, naɗi 100, amfiya 2, faɗin murabba'in mita 0.01 da tesla 0.5 za su ba da niyuton-mita 1. Amma in zoben ya juya har ya fuskanci bakin maganaɗisun sak, ƙarfin yakan koma sifili. Saboda haka ne William Sturgeon ya sa wa injinsa na 1832 na'urar da ke sauya wa wuta hanya bayan kowane rabin juyi.

Wannan lissafi ya shigo Kaduna tare da masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Da wuta ta yawaita, sai fanka da injin markaɗe da famfon ruwa suka shiga unguwanni irin su Unguwar Kanawa da Kawo, sana'ar naɗin koyil kuma ta samu gindin zama.

Masaƙar ta rufe a 2002, amma sana'ar tana nan. Mai naɗin da ya ƙware ba ya kwance koyil da ya ƙone sai ya ƙirga naɗinsa, ya auna kaurin wayarsa. Ya san in ya rage naɗi don tsimin jan ƙarfe, injin zai ja wuta fiye da kima ya sake ƙonewa. In kuwa ya sa siririyar waya, sai injin ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, mai markaɗe ta yi asarar cinikin yini. Watau ko bai taɓa jin sunan Ampère ba, da lissafinsa yake cin abinci, kuma kyautuwa ya yi makarantun koyon sana'a su koya wa almajiransa dalilin wannan ƙirga.