Auratayya tsakanin Hausawa da Fulani a ƙasar Shagari da Bodinga: inda saɓani yake tasowa da yadda ake sasanta shi

Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da maƙwabciyarta Bodinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, suna cikin yankunan Jihar Sakkwato da Hausawa da Fulani suka daɗe suna auratayya. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Addini ɗaya ne, amma tarbiyyar gida ta bambanta, musamman idan ɗayan ma'auratan daga ruga ya fito.

Babbar matsala ita ce fassara shiru. Tarbiyyar Fulani, wadda suke kira pulaaku, tana horar da mutum ya danne yunwa, ciwo da ɓacin rai. Bafulatana na iya kwashe watanni da damuwa ba ta furta ba, mijinta Bahaushe yana zaton lafiya lau ake, sai kawai ya wayi gari ta yi yaji. Ita kuma takan ɗauki yawan maganar danginsa a matsayin rashin kunya, alhali su a wurinsu sakin jiki ne.

Sai batun dukiya. A ruga, nono da kuɗinsa na mace ne, kuma tallansa fita yake bukata. Gidan da ake kulle ba ya lamuntar haka. Shanun da ta zo da su ma nata ne, kuma miji da ya sayar da su ba da yardarta ba ya taɓo danginta gaba ɗaya. Akwai kuma ƙorafin kakanni cewa jikoki sun tashi ba sa jin Fulatanci.

Sulhu yakan bi matakai. Idan mace ta yi yaji, miji zai tura manya biko, su gana da waliyyinta. Idan abin ya gagara, sai a je gaban liman ko hakimi. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane dangi, kuma a mazhabar Malikiyya suna da ikon raba auren idan gyara ya faskara. Amfanin wannan tsari a irin wannan aure a fili yake: wakilin matar ya san ma'anar shirunta, zai faɗi abin da kunya ta hana ta faɗa. Kotun shari'a ce matakin ƙarshe, inda mace take iya neman hul'i ta mayar da sadaki.